Yadda ake rarrabe bindigar Spencer ta asali da ta kwaikwayo, da gano bututun da aka sauya

Wani dattijo da na taɓa zama kusa da teburinsa a kasuwar tsofaffin makamai a Amurka yana da wata ɗabi'a. Duk wanda ya kawo masa gajerar bindigar sojan doki ta zamanin yaƙin basasar Amurka, yana nuna masa rubutun da ke samanta da yatsa, shi ko kallon rubutun ba ya yi. Sai ya tabbatar babu harsashi a ciki, ya juya bakinta wajen haske, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa. Leɓensa na motsi, yana ƙirga wani abu. Bayan nan ne zai ɗago ya ce a ba shi labarinta. Na daɗe kafin na gane dalilinsa: rubutu kowa na iya bugawa, amma cikin bututu yana da wuyar yi wa ƙarya. A kan wannan na gina jagorar nan, kuma na zaɓi bindigar Spencer domin a kanta aikin maƙeran zamani ya fi cakuɗa da na mutanen da.

Kafin ka taɓa ta

Christopher Spencer ya samu takardar mallakar fasaharsa ranar 6 ga Maris, 1860, kuma a birnin Boston kamfaninsa ya yi ta ƙera bindigar. Harsashi bakwai take ɗauka, a jere cikin wani siririn bututu da ke ɓoye a katakon gindinta. In ka ja mariƙin da ke ƙarƙashinta ƙasa, kwanson da aka harba ya fita. Ka mayar da shi sama, sabo ya shiga. Sai ka ja gudumar baya da babban yatsa, ka taɓa kunama. Shugaba Lincoln da kansa ya gwada ta a watan Agustan 1863, kuma kafin yaƙin ya ƙare a 1865 ta zama abin tinƙahon sojan dokin ɓangaren Arewa a yaƙin. Kamfanin bai yi tsawon rai ba, a 1869 kadarorinsa suka koma hannun Winchester.

Saboda wannan ma'ajiya ta gindi, abu na farko shi ne ka murɗa maƙallin da ke ƙarshen katakon, ka zaro bututun harsashin gaba ɗaya, ka karkata bindigar ka ga ko wani abu zai zubo, sannan ka buɗe mariƙin ka duba ɗakin harsashi da idonka. Har yau ana tsintar tsohon harsashi a irin waɗannan bindigogi, kuma albarushi ba ya tsufa yadda mutane ke zato. Batun doka kuma, a Amurka abin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ne a dokar tarayya, amma sabuwar ƙira mai cin harsashin da ake sayarwa a shago bindigar zamani ce, da duk ƙa'idojinta. Ka ga ke nan tantancewar ba ta tsaya ga kuɗi ba. A Najeriya da Nijar kuwa tsufan bindiga ba ya ɗauke wa kowa neman lasisi.

Ka san irin abin da za ka iya tararwa

Mutane sukan ɗauka iri biyu ne kawai, ta asali da jabu. A'a. Akwai wadda ta fito daga Boston ko daga kamfanin Burnside na Providence ba a taɓa ta ba. Akwai wadda ma'aikatar makaman gwamnati ta Springfield ta gyara bayan yaƙi. Akwai wadda wani maƙerin ƙarni na 19 ya cire wa bututun soja ya sa mata mai kauri mai kusurwa takwas don farauta, kamar yadda J. P. Gemmer na St. Louis, magajin shagon Hawken, ya riƙa yi. Wannan tsohon aiki ne mai daraja ta kansa. Akwai ta masana'antar Italiya, wadda Armi Sport, wato Chiappa, ke yi. Akwai wadda ƙananan shagunan maƙera a Amurka ke yi ɗaya bayan ɗaya da hannu, irin shagon Romano a jihar New York. Sannan akwai 'yar haɗe-haɗe: gangar jiki, wato ƙarfen tsakiya da bututu da katako ke haɗuwa a jikinsa, ta 1864, bututu na shekaran jiya.

Ba don a cuci kowa aka fara waɗannan sababbin ayyuka ba. Tun 1950 akwai ƙungiyar N-SSA a Amurka, masu gasar harbi da makaman yaƙin basasa, kuma mai gasa yana son bututu mai kyau da harsashin da zai iya sake cikawa. Maƙerin da ya yi masa aikin mutumin kirki ne, yakan ma buga sunansa a jiki. Matsalar tana zuwa ne bayan shekara talatin, sa'ad da mai bindigar ya rasu, magada suka sayar, ta bi hannu uku, launinta ya dushe, wani kuma ya goge sunan maƙerin.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar tocila, gilashin ƙara girma mai ninki goma, sandar katako siririya, tef ɗin awo, ma'aunin kauri, da sukundireba da bakinta ya dace da kan sukurun daidai. Kada ka kwance komai sai da izinin mai ita.

Mataki na farko: auna tsawo

Rufe mariƙin, zura sandar ta baki har ta tokari matoshin, wato ƙarfen da ke toshe bututun ta baya, yi alama, zaro ka auna. A gajerar Spencer, samfurin 1860 bututunsa inci 22 ne, kusan santimita 56. Samfurin 1865 inci 20 ne, kusan santimita 51. In ka samu 21 ko 19 da rabi, an yanke, ko kuma bututun baƙo ne. Wani abu da ke kama masu sayarwa da wuri shi ne, gajerar Spencer ta Italiya ana tallata ta da sunan 1860 amma da bututu mai inci 20.

Mataki na biyu: ƙirga tsagogi

A nan dattijon nan yake fara aikinsa, kuma a nan zan fi daɗewa. Cikin bututun akwai tsagogi masu murɗawa da ke sa harsashi juyawa. Buɗe mariƙin, sa farar takarda a ɗakin harsashi ta mayar da haske, leƙa ta baki ka ƙirga. Samfurin 1860 na Boston tsaga shida ne, faɗin ramin kusan kashi 52 cikin ɗari na inci, harsashinsa shi ake kira .56-56. Samfurin 1865 an rage ramin zuwa kusan rabin inci, harsashinsa .56-50; wanda Boston ta yi tsaga shida ne, wanda Burnside ya yi tsaga uku ne masu faɗi.

To, ga inda mutane ke ruɗewa. Za ka ga bindiga mai rubutun Boston, inci 22 cif, amma tsaga uku, ramin kuma rabin inci. Wanda bai sani ba sai ya ce an sauya bututu, ya yi tafiyarsa. Alhali sau da yawa aikin Springfield ne: bayan yaƙi gwamnati ta tattara dubban tsofaffin Spencer, aka rarake bututunsu, aka zura musu sabon siririn bututu a ciki mai tsaga uku, aka mayar da su fagen aiki a yammacin ƙasar. Irin wannan galibi za ka ga an ƙara mata wani ɗan maƙalli gaban kunama, ƙirƙirar Edward Stabler, mai hana harsashin ma'ajiya shigowa don soja ya riƙa loda ɗaya-ɗaya. A katakon gindi ta hagu kuma akan samu hatimi mai haruffa ESA, na Erskine S. Allin, shugaban maƙeran Springfield. In waɗannan uku suka haɗu, tsaga uku, maƙallin Stabler da hatimin, to tarihi ne a hannunka, ba ha'inci ba.

Sai dai maƙeran yau ma suna zura irin wannan bututun ciki wa 'yan gasa. Yaya za ka raba su? Ɗora gilashi a kan bakin bututun. Duk inda aka zura na ciki akwai siririn zobe, kamar gashin kai, tsakanin ƙarfen waje da na ciki. A tsohon aiki, launin ƙarfen biyu ya zama ɗaya, tsatsa ta ci su tare, buguwar da bakin ya sha a sirdi da ƙasa ta ratsa zoben daga wannan gefe zuwa wancan. A sabon aiki, na waje ya yi duhu da ƙananan ramuka, na ciki kuma sumul, gefunan tsagoginsa da kaifi, wani lokaci har ka ga ɗigon farin dalma ko busasshen gam a zoben. Wasu maƙeran sukan daddaki bakin su ɓoye zoben, don haka ka duba ta baya ma, wajen ɗakin harsashi.

Hasken cikin kansa shaida ne. Baƙin albarushi da sinadarin tayar da wutar harsasan wancan zamani suna jawo tsatsa, kuma soja a sansani ba kullum yake wanke bututu da ruwan zafi ba. Saboda haka mafi yawan na asali suna da duhu-duhu da 'yan ramuka, musamman gaban ɗakin harsashi. Akwai na asali masu ƙyalli, waɗanda suka yi zamansu a rumbun gwamnati ba a harba su ba, amma irin waɗannan wajensu ma yakan kasance da kyau. Abin da ba ya yiwuwa shi ne waje kamar an tono daga ƙasa, ciki kamar madubi. In ka ga haka, biri ya yi kama da mutum.

Don tabbatar da faɗi, ana tura dunƙulen dalma mai taushi da aka shafa wa mai daga baki zuwa baya da sandar katako, a auna shi. Ka lura: mai tsaga shida yana aunuwa kai tsaye, domin kowace tsaga tana fuskantar 'yar'uwarta, amma mai tsaga uku, tsaga tana fuskantar tudu ne, sai ma'aunin ya ba ka adadi ƙasa da gaskiya. Na ga wanda ya yi watsi da bututun Burnside lafiyayye saboda wannan kuskuren. In kuma awo ya nuna ramin na .44 ko .45 ne, magana ta ƙare: sojan Amurka bai karɓi gajerar Spencer mai cin .45 Colt ko .44-40 ko .45 Schofield ba, waɗannan na sababbin ƙira ne.

Mataki na uku: ina allura take bugu

Harsashin Spencer na asali a gefen gindinsa ake bugunsa, don haka allurar, wato ƙarfen da ke bugun harsashin ya tashi, wata shimfiɗaɗɗiyar sanda ce a gefen dama na matoshin, bakinta na fitowa a gefe. Na zamani a tsakiya suke bugu. Buɗe mariƙin ka dubi fuskar matoshin: rami a tsakiya na nufin an yi shi don harsashin zamani. Amma kada ka yanke hukunci a kan bindigar duka, domin shekaru da yawa ana sayar da sabon matoshi da ake sakawa a tsohuwar Spencer ba tare da an yanke komai ba. Tambayi mai ita ko tsohon matoshin na nan. Masu kula sukan adana shi a leda. Akwai kuma wasu Spencer masu bugun tsakiya da aka ƙera a Liège ta Beljiyam a shekarun 1870, waɗanda za ka gane da hatimin ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai. Su ma tsofaffi ne, sai dai ba na yaƙin basasa ba.

Mataki na huɗu: cire katakon gaba

Zobe ɗaya da sukuru ɗaya ke riƙe da shi. Ƙarƙashinsa ne wurin da mai gyara ba ya zaton za a duba. A ta asali, lambar bindigar da ke saman gangar jiki ta baya tana maimaituwa a ƙasan bututu. Lambobin su zo ɗaya, siffar alƙaluman ma ta zo ɗaya: dubi yadda aka yi 1 da 7 da wutsiyar 9. Gajerun samfurin 1860 lambobinsu sun kama daga wajen 11,000 zuwa wajen 61,000. Samfurin 1865 an sake fara ƙirga, Burnside kuma yana da nasa jerin, don haka lamba ita kaɗai ba ta gaya maka samfuri.

A nan kuma maƙerin kirki yake barin sunansa, ko haruffan sunansa, ko shekarar aiki, ko girman harsashi. In ta Italiya ce, za ka tarar da hatimin gidan gwajin makamai na Gardone Val Trompia: a waɗanda aka yi a shekarun baya, tauraro a kan haruffa PN ko PSF, da ɗan akwati mai haruffa biyu da ke nuna shekara. AA ita ce 1975, BA 1991, BN 2000, CA 2006. Masu wasan kwaikwayon yaƙi sukan biya a kawar musu da rubutun zamani daga inda ido ke gani, a mayar da shi ƙarƙashin katako. Shafa yatsa a jikin bututun, sannan ka haska tocila a kwance daga gefe: inda aka ci da magagari zai nuna ɗan kwari ko shafaffen wuri a jikin da ya kamata ya zama zagaye. In lambar bindigar zamani aka goge ɗungurum, ajiye ta ka bar wurin. Wannan laifi ne babba a dokar Amurka, ga mai gogewa da mai riƙewa.

Launin ƙasan bututun ma ka karanta shi. Wurin da katako ya rufe shekara 160 yakan riƙe ragowar shuɗin masana'anta, da busasshen mai, da layin tsatsa daidai inda katakon ya tsaya. Bututun da aka tsufar da gangan, da ruwan batir ko gishiri, launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, har inda iska da gumi ba sa kaiwa.

Mataki na biyar: yanzu ka karanta rubutun

A saman gangar jiki, ta Boston tana ɗauke da layi uku: sunan kamfanin Spencer Repeating Rifle, Boston, Mass., da ranar 6 ga Maris, 1860. Ta Burnside ta ƙara cewa a Providence aka yi ta, da ambaton samfurin 1865. Kalmomin ba su ne abin dubawa ba, kowa na iya kwafarsu. Dubi yadda suka shiga ƙarfen. Na asali da hatimi aka danna, kuma sau da yawa wani gefe ya fi wani zurfi, shekaru kuma sun lashe gefunan haruffan. Wanda aka buga harafi-harafi da hannu layinsa na rawa. Wanda aka yi da hasken leza ƙasan harafin a shimfiɗe yake, da ɗigo-ɗigo, zurfinsa ɗaya ko'ina. Babbar shaida kuwa ita ce dangantakar harafi da tsatsa: in ramin tsatsa ya ci cikin harafin, harafin ya riga tsatsar, in harafin ne ya yanka ramin da gefe mai kaifi, jiya aka buga shi.

Mataki na shida: ƙarfe, sukuru da katako

Cikin gangar jiki ta asali akwai sawun injin yanka da na magagari, layi-layi. Wasu sababbin sassa zuba su aka yi a mazubi, sai ka ga fatarsu da gurje-gurje kamar ɓawon lemo a lungunan da ba a goge ba, ko siririn layin haɗuwar mazubi. Aikin ƙaramin shago mai kyau kuwa yankan inji ne daga dunƙulen ƙarfen zamani, kuma abin da ke tona shi shi ne tsabtarsa: kusurwoyi da kaifi, ramuka daidai wa daida, babu inda mariƙi ya ci gefen da yake gogawa. Sukurun Italiya zarensu na awon mita ne, ba sa shiga ramin ta asali.

Katakon asali na wani baƙin itacen Amurka ne da ake kira walnut, an shafe shi da mai, ya sha hannu har ya yi duhu. Da yake an rarake shi don ma'ajiyar harsashi, yakan tsage a tsaye ta wannan layin, kuma wannan tsagewa ba abin kunya ba ce a wurin masana. Tsohon katako yana ƙanƙancewa, sai ƙarfe ya ɗan fi shi tudu a mahaɗa. Sabo yakan yi daidai ko ya ɗara ƙarfen. Hatimin mai duba kaya na gwamnati yana hagu, bayan sandar da zoben rataya ke kai. Hatimi mai kaifi a kan katakon da aka goge har gefunansa suka zagaye, an buga shi ne bayan gugar. Sunsuna ramin ma'ajiyar ma: tsohon mai da ƙura wari ne daban da na sabon fenti.

In ba Spencer ba ce

Hanyar ɗaya ce ga bindigogin Henry ta 1860 da Winchester ta 1866. Dukansu .44 ne mai bugun gefe, kuma allurarsu baki biyu gare ta, tana bugun gefen kwanso a wuri biyu. Henry ta asali kusan 14,000 kacal aka yi, shi ya sa masu ha'inci suka fi matsa mata. Kwaikwayon da Uberti ke yi a Italiya yana cin .44-40 ko .45 Colt, harsasai masu ɗan tsawo, don haka auna tsawon ɗakin ɗaga harsashi yakan raba gardama. Ga yawancin samfuran Winchester akwai ƙarin taimako: gidan tarihin makamai na Cody a jihar Wyoming yana riƙe da littattafan masana'antar, kuma yana bayar da wasiƙa mai faɗin yadda bindiga mai lamba kaza ta fita, da tsawon bututunta da siffarsa, in dai lambar na cikin abin da ya tsira.

Rubuta abin da ka gani

Kada ka dogara da shaida ɗaya. Ɗauki takarda ka rubuta kowane sashe daban: gangar jiki, bututun waje, bututun ciki, matoshi, katakon gindi, katakon gaba, kowanne da zamanin da kake ganin ya fito da dalilinka. Ɗauki hoton lambobin biyu, da bakin bututu, da fuskar matoshi. Sau da yawa amsar ba za ta zama ta asali ko jabu ba, za ta zama kamar haka: gangar jiki da katako na 1864, bututun waje nata ne, an zura sabon na ciki, matoshi na zamani. Wannan bindiga ce mai kyau ga ɗan gasa, mai rangwamen daraja ga mai tara kayan tarihi, kuma farashinta ya bi wannan bayanin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin an goge sunan maƙeri daga aikin da ya kwashe watanni yana yi. Spencer da ƙwararre ya yanka da hannu, kuɗinta kan kai na ta asali mai matsakaicin kyau, kuma ta fi ta harbi nesa ba kusa ba. Mai gogewar ya ɓata sabuwar, bai kuma samar da tsohuwar ba. In irin wannan ta faɗo hannunka, nemi tsofaffin 'yan gasa ka nuna musu hotunan. Da yawansu suna gane hannun maƙeri daga yadda ya yanka bakin bututu ko yadda ya zaunar da saitin gaba. In an gano shi, rubuta sunansa da shekarar aikin a 'yar takarda, ka naɗe, ka sa ƙarƙashin katakon gaba kafin ka mayar da zoben.